Gwangwanin da Ya Ƙi Faɗuwa

Duk wanda tayarsa ta taɓa sacewa tsakanin Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni ya san Malam Tanko mai faci, ko da bai riƙe sunansa ba. Shi ne dogon dattijon nan da ke zama ƙarƙashin darbejiya a bakin titi, gefensa injin iska mai tari kamar tsohon mashayin taba, gabansa rabin duro cike da baƙin ruwan da ake tsoma tub a nemi inda ya huje. Aikinsa ba algus. Aibinsa ɗaya ne: in ka yi kuskuren zama a bencinsa kana jiran taya, to sai ka sha labarin harbi har ka ƙoshi.

Ba a birni aka haife shi ba. Ɗan wani ƙauye ne a ƙasar Kura, namiji tilo bayan jerin mata, kuma ya yi ƙuruciyarsa ne a bakin gonar shinkafa yana korar tsuntsayen jan-baki da danƙo. Bai taɓa riƙe bindiga ba, bai taɓa kashe abin da ya fi kurciya girma ba, amma in yana magana sai ka rantse da giwaye ya yi zamani. Labarin da ya fi so shi ne na wani mangwaro da ya harbo daga ƙololuwar bishiya ba tare da ganye ya motsa ba. Kowace shekara bishiyar nan sai ta ƙara tsawo, har wasu direbobin suka fara tsoron kada wata rana ta tare wa jirgin sama hanya.

A gidansa kuwa doka guda ya kafa tun yaransa na rarrafe: babba ne ke farawa. Ba mai sa hannu a akushi kafin shi, ba mai shan ruwan buɗa-baki kafin shi, ko sabuwar tabarma aka saya sai ya fara zama a kai. Matarsa Uwani ta bi dokar har ta zame mata jiki. Ɗansa Kabiru mai tuƙa adaidaita sahu da 'yarsa Hafsat mai ɗinki a cikinta suka tashi. Malam Tanko na alfahari da wannan tarbiyya kusan kamar yadda yake alfahari da mangwaron.

Akwai abu ɗaya da bai faɗa wa kowa ba. Idanunsa sun fara yana. Da farko kumfar da ke fita daga hujin tub ce ya daina gani a cikin ruwa, sai ya koma kai tub ɗin kusa da kumatunsa yana jin iskar. Direbobi suka ɗauka sabuwar ƙwarewa ce, suna ta yaɗa cewa Malam Tanko ya kai matsayin da da kumatu yake gane huji. Shi kuwa ya bar su a haka. Asibiti dai ya rantse ba zai je ba, domin wani direban tifa ya tabbatar masa cewa ciro idon ake yi a ɗora a faranti, a wanke shi da sabulu, sannan a mayar, wani lokacin ma a mayar da na dama a hagu.

Wata rana aka kira shi wani gida a Tarauni ya duba tayar motar wani tsohon ma'aikacin gwamnati. Yana durƙushe yana kwance noti sai ya riƙa jin tas, tas, ana tafi ana shewa a bayan gida. Ya tambayi mai gadi, aka ce masa maigidan ne da iyalinsa suke harbin takarda da bindigar iska.

"Takarda?" in ji Malam Tanko. "Me ta yi musu?"

"Ba ta yi komai ba. Nishaɗi ne, haka suke yi duk mako."

Ya dawo gida da maganar a ransa. Wato harbi ya zama wasan manya, har da mata da 'ya'ya, shi kuwa da ya iya tun kafin ya yi wayo bai koya wa ko mutum ɗaya na gidansa ba. Sai wani tsoro ya kama shi, na gaske, ba irin na farantin asibiti ba. Idan hasken idon nan ya ƙarasa tafiya, abu guda da ya zo da shi daga ƙauye ya tafi ke nan, kuma ba zai bar wa 'ya'yansa komai ba sai injin iska mai tari.

Washegari ya sassaro gwafa daga darbejiyarsa, ya yanko roba daga tsohon tub, ya yanki harshen wani mataccen takalmi ya yi mazaunin tsakuwa. Ran Juma'a bayan la'asar ya tara iyalinsa a tsakar gida, ya kifa turmi a jikin katangar baya ta jar ƙasa, ya ɗora gwangwanin tumatir a kai, ya miƙa wa kowa danƙonsa.

Uwani ta juya nata tana kallo. "Malam, har da ni? Da furfurata?"

"Ba da furfura ake ja ba, da hannu ake ja. Gyara tsayuwa."

Ya koya musu da gaske, wannan kam ba a ƙwace masa ba. Yadda ake dafe gwafa, yadda ake jawo roba har gindin kunne, yadda ake riƙe numfashi kafin a saki. Da ya gama bayani sai ya ce su matsa su ga yadda ake yi. Ya ja, ya auna wani jan abu da yake hangowa dishi-dishi, ya saki. Tsakuwar ta wuce ta sami butar alwala, ruwa ya tsiyaye.

Kowa ya bi ruwan da kallo.

"Wannan," in ji Malam Tanko, "shi ne kuskuren da nake so ku kiyaye. Kabiru, bismillah."

Kabiru ya harba, aka ji tim a katanga. Hafsat ta harba, tim. Uwani ta harba, tim. Gwangwani na nan zaune a kan turmi.

Haka Juma'a ta biyu ta wuce, haka ta uku, har aka daina lissafi. Kullum shi ke farawa, kuma kullum da sabon dalili. Yau iska ce, gobe robar ce ta sha rana, wata rana kuwa cewa ya yi gwangwanayen yanzu an rage musu girma saboda tsadar rayuwa. Tsakuwarsa ta ziyarci duk abin da ke gidan ban da abin da aka aike ta. Ta huda bokiti, ta fasa madubin adaidaita sahun Kabiru da ke ajiye a soro, ta kuma koya wa zakaran gidan sanin ranakun mako, domin da an sauko daga masallaci sai ya haye katanga ya tafi maƙwabta. Uwani kuwa ta fara zuwa wajen harbin da murfin babbar tukunya, tana riƙe da shi a ƙirji duk lokacin da Malam ya ja roba, wai ta manta ne ba ta ajiye ba.

Sau ɗaya ne ya ɗanɗani nasara. Ya saki tsakuwa, sai aka ji ƙwal mai daɗi, ƙarar ƙarfe sosai. Ya ɗaga hannu sama.

"Kun ji? Kun ji ko? Haka ake yi!"

Bai rufe baki ba sai ga kan Benedict maƙwabcinsu, mai sayar da kayan gyaran mota, ya leƙo ta saman katanga.

"Baba Tanko, barka da yamma. Don Allah a yi haƙuri, ana shirin buga fanareti ka kashe mana talabijin. Farantin talabijin ɗinmu ya juya yana kallon Zariya."

Malam Tanko ya ba da haƙuri, ya kuma ɗora laifin a kan wanda ya kafa farantin a hanyar tsakuwa.

Duk wannan bai dame shi ba kamar tim ɗin nan da yake ji. Ba ya ganin inda tsakuwarsu ke sauka, kunnensa kawai yake kasawa yana jiran ƙwal, kullum sai tim. Ya yi faɗa, ya yi lallashi, ya sake yanka musu sabuwar roba. Ya ce wa Kabiru mutumin da ke kurɗawa tsakanin tirela da tirela bai kamata gwangwani ya gagare shi ba. Ya ce wa Hafsat ita da ke zura zare a allura ina idon nata yake zuwa. Su dai sai su sunkuyar da kai su ce, "Za mu gyara, Baba." A bakin titi ya rage ba da labarin mangwaro. Wata rana ma wani direba ne ya tuna masa, ya ce a bar maganar. Ransa ya ɓaci ƙwarai, domin ya yanke a zuciyarsa cewa ya makara: hannunsa bai bi kowa ba, jan abin da yake hangowa a kan turmi kuma sai ƙara dushewa yake.

Ana cikin haka babbar yayarsa Maimuna ta zo daga ƙauye da ɗan buhun shinkafa. Tsohuwa ce gajeruwa mai kaifin harshe, ita ta goye shi, kuma in za a faɗi gaskiya ita ta fara ɗora masa danƙo a hannu, ko da yake wannan ɓangaren bai taɓa shiga labarin bakin titi ba. Ran Juma'a ta shimfiɗa tabarma a inuwa tana cin goro tana kallonsu. Ta ga Tanko ya harbi igiyar shanya. Ta ga sauran ukun sun yi tim, tim, tim. Ta dubi katangar, ta dubi murfin tukunyar Uwani, ta dubi ƙanenta da ke ƙifta ido yana fuskantar gefen turmi. Ta tofar da tuƙar goro.

"Kabiru, miƙo min abin nan."

"Gwaggo, robar da tauri fa."

"Na tambaye ka?"

Ko tashi ba ta yi ba. Daga zaune ta ja, ta saki. Ƙwal! Gwangwanin da ya shafe watanni yana mulki a kan turmi ya yi sama ya faɗo yana birgima.

"To," in ji ta, "babba ta sa hannu. Ku ci abincinku."

Kabiru ya saci kallon mahaifinsa, ya je ya mayar da gwangwanin, ya dawo ya ja. Ƙwal! Hafsat ta mayar, ta ja. Ƙwal! Uwani kuwa ba ta ma jira an ɗora shi ba. Ta maƙale murfin tukunya a hammata, ta same shi yana cikin birgima, ƙwal, ta ƙara masa wani kafin ya tsaya.

Malam Tanko ya tsaya baki buɗe, danƙo na lilo a hannunsa.

"Tun yaushe?" ya ce. "Tun yaushe kuka iya?"

"Tun Juma'a ta biyu, Baba," in ji Hafsat a hankali.

"Shi ne kuka bar ni ina ta kumfar baki? Kuka bar ni ina zaton..."

Uwani ta dube shi da mamaki na gaskiya. "Haba Malam. Ba ka fara ba, ta yaya za mu riga ka?"

Ya buɗe baki zai yi faɗa, ya rasa wanda zai yi wa, domin dokar tasa ce, shi ya dasa ta da hannunsa. Maimuna ta miƙe tana dafa gwiwa, ta kama hannunsa kamar yadda take yi yana yaro, ta ja shi har jikin katanga. Ta ɗora yatsunsa a dama da turmin. Rami ne ɗan ƙarami, zagayayye, mai zurfi.

"Wannan na Kabiru ne." Ta matsar da hannun hagu. "Wannan na Hafsat." Ta ɗaga shi sama kaɗan, yatsansa ya shige har gaɓa biyu, wata 'yar ƙadangaruwa ta fito a guje. "Wannan kuma na matarka ne, har an samu ɗan haya. Kowa ya zaɓi wurinsa yana saka tsakuwa a rami ɗaya duk mako, suna jiran ka buɗe musu. Kai kuma ga ramuka a gabanka ba ka gani. Tanko, idonka ya yi yana. Kowa a gidan nan ya sani, har zakara."

Ya daɗe yana shafa ramukan nan ɗaya bayan ɗaya. Daɗi ya cika shi, kunya ta rufe shi, hawaye suka zubo masa bai ko share ba.

"Yaya," ya ce ƙasa-ƙasa, "da gaske ne a faranti ake ɗorawa?"

"Farantin gidanku! Bara aka yi min nawa, ga shi da shi na kayar maka da gwangwani. Litinin Kabiru zai kai ka, ni zan riƙe maka hannu in tsoro kake ji."

Bai yi musu ba. Ya juyo wajen da yake jin numfashin iyalinsa, hannunsa ɗaya na jikin katangar.

"Kada wanda ya shafe ramukan nan da ƙasa," ya ce. "Ku bar min su yadda suke, ina so in gan su da idona."

Uwani ta ce to, tana goge fuska da gefen mayafi. Amma ba ta ajiye murfin tukunyar ba sai da ta ga ya sa danƙon a aljihu.