Mai Haɗa Kekunan Kanti

A bakin kantin da aka gina a filin tsohon kamfanin ƙera taragun jirgin ƙasa, wani dattijo yana tattara kekunan sayayya. Gajere ne, wuyansa duk tabon tartsatsin walda, safar hannunsa fara fat. Sai ya jera kekunan, ya duƙa ya duba inda kowanne ya shiga ɗan'uwansa, ya nuna da yatsa, ya ɗaga murya: "Mahaɗi, lafiya lau!" Da gani, shekara da shekaru ya yi yana sallamar taragu da wannan kalma.

Wasu 'yan mata suka tuntsire da dariya. "Baba, jirgin naka ƙarfe nawa zai tashi?"

"Ku dai ku matsa daga kan hanya," in ji shi, ko ɗagowa bai yi ba.

Uwargida Kuwabara tana tsaye da kekenta, ta kasa gaba ta kasa baya. Ba ta taɓa ganin fuskar nan ba. Amma sunan da ke maƙale a ƙirjinsa, Shiomi, ta san shi. Da hannunta ta rubuta shi a bayan ambulan, ranar da ofishinsu a wancan kamfanin ya raba wa ma'aikata takardun sallama daga aiki. Har yaba wa kanta kyan rubutun ta yi.

Ya karɓi keken da hannu biyu, ya rusuna. "Mun gode, ranki ya daɗe. A sauka lafiya."

Ita ma ta rusuna, fiye da nasa nesa ba kusa ba, ta daɗe ba ta ɗago ba. Shi kuwa sai ya shiga dube-dube a ƙasa, ko wani abu ne ta yar.