Na So Kujerar Gaba A Motar Dakta

A lokacin da abin nan ya faru, ni malamin kwamfuta ne a wata sakandare a Nguru, da matata da 'ya'ya biyu, kuma ina ji da kaina ba kaɗan ba. Edita, don Allah a sakaya sunana, ni ma ba zan ambaci sunan kowa ba. Na shiga karatun digiri na biyu a wata babbar makaranta da ke wajen Gashuwa, tare da wani abokina da muka tashi unguwa ɗaya. Tun muna firamare ni ke gaba a aji, shi kuwa shiru-shiru ne, ba abin da ya fi so kamar ya buɗe cikin mataccen rediyo yana tone-tone. Sai aka haɗa mu a hannun malami ɗaya mai duba kundi, wani Dakta da ya ƙware a harkar wayar hannu da ƙananan na'urori masu aika wa juna saƙo. Duk wanda ya yi irin wannan karatu ya san cewa wuyanka a hannun mai duba kundinka yake. In bai sa hannu ba, ba za ka tsaya kare aikinka ba, in kuma wa'adinka ya cika a haka, sai a soke sunanka ka koma gida hannu biyu. Saboda haka kowa neman shiga yake wajen malaminsa.

Ranar rabon batun bincike na fara jin kishi a ƙirjina. Ni Dakta ya ce in je in yi wa ɗalibai tambayoyi a kan yadda suke amfani da waya wajen karatu, aikin da ko ɗan aji ɗaya zai iya. Abokina kuwa ya ba shi aikin da ya daɗe yana mafarkinsa: a kafa wasu 'yan na'urori masu aiki da hasken rana a fadamar Katuzu, su riƙa auna damshin ƙasa, in ta bushe su kira manomi a ƙaramar wayarsa su gaya masa da Hausa cewa ya ta da injin ban-ruwa. Da yake sabis ba ya kaiwa can cikin fadama, sai wannan ta miƙa wa waccan saƙo, har ya isa ga wadda ke kan tudu. Wallahi aikin ya yi kyau, kuma kyan nasa shi ya fi ƙona min rai.

Kafin a ce me, abokina ya zama na hannun daman Dakta. Makullin ɗakin gwaji yana aljihunsa. Dakta ba ya kiran sunansa, sai dai ya ce Injiniya. In za su Katuzu, shi ke zama a kujerar gaba, gilashi a rufe, ni kuma ina tsaye a baranda da takarduna ina ɗaga musu hannu kamar maroƙi. Sai in yini a ƙofar ofis, in an ce in shigo, Dakta ya karɓi babina ya jefa kan tebur ya ce in dawo wani makon. In na dawo sai in tarar ko ɗigon jan biro babu a ciki. Na abokina kuwa ja-jawur yake dawowa, kowane layi da gyara, ni kuma har wannan jan nake kishi. Kai, har kifi banda na taɓa ɗaurowa daga Nguru na kai gidan Dakta, ya yi godiya a tsaye, na hango abokina a cikin falo ya miƙe ƙafa yana cin tuwo. Ranar ko abincin gidana ban iya ci ba, matata ta tambaye ni lafiya, na hau ta da faɗa ba gaira ba dalili.

Bakina kuma bai bar abin a ciki ba. A gaban 'yan ajinmu nake kiransa ɗan lelen Dakta, wani lokaci in ce yaron mota. In ya shigo sai in miƙe in ce a ba Farfesa wuri. A yi dariya, shi ma ya yi murmushi, amma kowa ya san ba wasa nake ba.

Wata rana da yamma muka shiga motar haya ɗaya daga Gashuwa za mu gida. Mun wuce Jajimaji kenan sai ya matso kusa da ni, ya yi ƙasa da murya, ya ce yana neman shawarata a matsayina na ɗan'uwa. Ya ce na'urorin sun daɗe da fara aiki, manoma ma har sun saba da kiran, amma duk lokacin da ya kai babin ƙarshe sai Dakta ya ce da saura. Yau a ƙara harshen Bade da Barbarci, gobe a gwada a Jakusko, jibi ga baƙi za su zo a nuna musu. Ya ce gabansa ya fara faɗuwa, domin wa'adinmu yana matsowa, ko ina ganin ya nemi a sauya masa malami? Ina rantsuwa da Allah, abin da ya fara faɗo min a rai shi ne, in ya tashi kujerar nan ta zama tawa. Nan take na ce masa ya gudu tun da wuri. Na ce mutumin nan ba zai taɓa sakinsa ba, domin in ya sake shi wa zai riƙa rubuta masa manhaja, wa zai shiga taɓo ya sauya batir? Na ce gobe-goben nan ya rubuta takarda. Na faɗa da sauri. Sai ya juyo ya dube ni, ya daɗe yana kallon fuskata, sannan ya ce ya gode, ya mai da kansa wajen taga. Bai kuwa nemi sauyin ba.

Ni dai Dakta ya gaji da ganina a ƙofarsa, ya sa min hannu, ina jin ko karanta kundin bai yi ba. Ranar da na kare aikina, abokina ne ya haɗa min majigi, ya gyara min wayar majigin da ta ƙi kamawa. Ku ji rashin hankali: ina tsaye na ci jarrabawa, ana yi min barka, amma da na ga Dakta ya dafa kafaɗarsa sun nufi mota, sai murnata ta koma ciki. Na karɓi takardata na koma Nguru, na daina nemansa. Daga nesa na riƙa jin labari. Dakta ya fitar da rubuce-rubuce a kan aikin fadamar, ya yi tafiye-tafiye, an ƙara masa girma, daga baya ma ya samu wuri a wata jiha ya tafi. Abokina kuwa wa'adinsa ya cika, aka ƙara masa, ƙarin ma ya ƙare, aka soke sunansa. Da ma shi ma malamin makaranta ne, amma ya ajiye aikin don ya samu lokacin fadama, ga shi aikin ya riga ya tafi.

Bara gilashin wayata ya fashe, aka kwatanta min wani mai gyara a bakin kasuwa, aka ce babu kamarsa a garin. Ina isa na tarar shi ne, a cikin 'yar rumfa, da tabarau a hanci, furfura ta fara fito masa. Na so in juya, amma ya riga ya gan ni. Ya tarbe ni da fara'a, ya share min benci, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya. Yana cikin kwance wayar, bai ko ɗago ba, ya ce min yana yawan tuna maganarmu ta cikin mota. Ya ce duk duniya ni kaɗai na gaya masa gaskiya a kan Dakta, kuma da wani ne ya faɗa, da washegari ya rubuta takardar. Amma ya ce da ya dubi idona ya ga murna a ciki, sai ya ɗauka so nake in raba shi da arzikinsa. Ya gama gyaran, ya goge wayar da gefen rigarsa, ya miƙo min, ya ƙi karɓar ko sisi. Na karɓi wayar, na koma gida cike da kunya.

Abin da na koya shi ne, na shafe shekaru ina kishin igiyar da aka ɗaure ɗan'uwana da ita. Ɗalibai, kada ganin wani a jikin malami ya hana ku barci, ku fara tambaya ko kundinsa na tafiya. Malamai masu duba kundi, ku ji tsoron Allah, hazaƙar yaro ba dalilin riƙe shi ba ce. Wanda kuma yake jin irin abin da na ji, ya yi maganinsa tun yanzu, domin ranar da ɗan'uwanka zai buƙaci gaskiya daga bakinka tana nan zuwa. Tawa ranar ta zo a cikin motar haya, na faɗi gaskiyar kuwa, amma abokina bai iya karɓarta daga bakina ba.