Rantsuwar da na yi a kan filin lakwal

Shekarun baya, tun gemuna bai san furfura ba, ina da rumfar gyaran keke a wani fili a Kara-Kara. A bakin rumfar akwai dogon yaro da na dasa da hannuna. Kullum in zan tashi, ragowar ruwan da nake tsoma roba in nemi huji, shi nake juye masa.

Sai magajin garinmu na lokacin, wani tsohon malamin makaranta, ya ce za a gina lakwal, wato makarantar boko, a filin. Aka ba mu wani wuri kusa da tasha. In faɗi gaskiya, can ya fi ciniki. Amma zuciya ta ɗebe ni, na tsaya gaban jama'a, shi ma yana tsaye, na ce, "Wallahi tallahi, ƙafata ba za ta sake taka filin nan ba har in mutu." 

Da aka gama ginin aka mai da ajin 'yata can, sai na cire ta. Na yi tafiya Kano sayen kayan keke, na dawo na tarar tana zuwa. Mahaifiyata ta ce, "Ni na mai da ita." Ba a musu da ita, na haɗiye. Amma bakina bai huta ba. Duk majalisar da na zauna sai na zagi mutumin nan. Ranar da ya rasu gari ya tafi jana'iza, ni ina rumfa ina ta jujjuya wata roba da ba ta da huji ko ɗaya.

Bayan rasuwarsa tsofaffin ɗalibansa suka kafa tallafin karatu da sunansa, don 'ya'yan talakawa masu ƙoƙari su wuce jami'a. Shekarar da 'yata ta ci bak, jarrabawar gama sakandare, aka zaɓe ta. Likita take so ta zama, ni kuwa ko na sayar da rumfar da ni a ciki ba zan iya kai ta ba. Sharaɗi ɗaya ne: uba ya zo da kansa, a cikin lakwal ɗin nan, ya sa hannu ranar Alhamis. Wanda ubansa yake raye bai zo ba, a ba na bayansa.

Na ce ba ni zuwa. Ta ce, "Baba, sa hannu ne kawai." Na ce, "Na rantse." Ta ajiye takardar tallafin a kan tabarma ta shiga ɗaki. Da ma ta yi kuka, da ya fi mini sauƙi.

Washegari da hantsi mahaifiyata ta aiko kirana. Ta tsufa sosai, ba ta gani sai dishi-dishi.

"Zauna, sarkin rantsuwa," in ji ta. "Kana tsammani haka kawai na mai da yarinyar nan?"

Na ce, "To, Inna, wa ya sa ki?"

"Wanda kake zagi. Kana Kano ya zo gidan nan sau uku. Motar a bakin titi yake barin ta, ya tako a ƙasa. Sau biyu ina cewa a ce ba na nan, shi kuwa yana jin muryata. Na uku ya tuɓe takalmi ya zauna a ƙofa cikin rana, har kunya ta fito da ni. Ya ce, 'Inna, ɗanki ya yi fushi da ni, kuma an taɓa masa wurin cin abinci, ba zan ga laifinsa ba. Ya zage ni iya son ransa. Yarinyar dai a bar mini ita.' Ya kuma roƙe ni kada in gaya maka, wai kada ka ji kamar ya kayar da kai."

Na rasa inda zan sa idona.

Na je wurin limaminmu. Ya yi dariya har rawaninsa ya goce. Ya ce, "Shekara nawa kana zagaye hanya a kan abin da tuwon mutum goma zai warware? Je ka yi kaffara." Ƙanena ya kawo hatsi daga Guna, matata ta tuƙa, muka ciyar da miskinai goma ranar Laraba.

Alhamis na sa rigar Juma'a, 'yata na gaba ina biye. Ina shiga ƙofa na tsaya cak. Dogon yarona yana nan. Ya zama ƙaton itace, mutum biyu ba sa rungume shi. Jerin azuzuwan ya taho a miƙe, da ya iso wurinsa sai ya karkace ya ba shi hanya.

Wani tsoho mai gadi ya ƙura mini ido. "Mai keke! Ashe kana duniya?" Ya bi idona ya ga abin da nake kallo. "Ai magina sun zo da gatari. Marigayi ya ce a gusa da bangon. Suka ce ginin zai yi muni. Ya ce ya yi. 'Mai shi zai dawo wata rana, kada ya tarar babu inuwa.'"

A ƙarƙashin itacen aka ajiye teburin. Na fizgi alƙalami na sa hannu da gaggawa, har wadda ke riƙe da takardun ta ce, "Baba, a hankali, takardar ba gudu za ta yi ba."

Ni karatuna bai yi nisa ba, ban san yadda ake auna mutane ba. Abin da na sani, shekara da shekaru ina zagin mutum, shi kuwa ya karkatar da bango yana jirana. Ban je jana'izarsa ba, ban nemi gafararsa ba, kuma wannan ƙofa ta rufe. Sai addu'a, ita nake yi masa bayan kowace salla.

'Yata tana asibiti yanzu, ana ce mata dakta. Ni kuwa in na rufe rumfa, nakan ɗauki ragowar ruwan roba a galan in bi ta lakwal. Mai gadi yana yi mini tsiya, wai saiwar itacen ta kai ƙasa ta bakwai, ba ya bukatar ruwana. Na sani. Ina dai juyewa.