Ƙibar Makau

Yayana Makau manomi ne a Adabka, siriri kamar sandar makiyayi. Bai san zama ba. Da damina yana gona, da rani yana turke ragunan layya, ya yi ta ɗura musu dusa da harawa har tashi ya gagare su.

Da zaman ƙauye ya yi wuya, ɗansa Nazir da ke aikin gwamnati a Anka ya ɗauko shi, ya rantse ubansa ya gama wahala. Aka ajiye masa kujera a ƙofar gida. Shayi mai kauri da safe, shinkafa da mai har yana kwanciya a kwano, lemon kwalba, tsire da yamma. Ko masallacin Juma'a a babur ake kai shi.

Kafin ka ce kwabo Makau ya cika riga. Duk ɗan Adabka da ya zo kasuwa sai ya koma da labari, wai Nazir ya riƙe ubansa. Makau ya fi kowa jin daɗin wannan magana.

Sai ga kasala, da wani nauyi ƙarƙashin haƙarƙarinsa na dama. Ni na raka shi asibiti. Likita ya ce kitse ne ya taru a hantarsa, kuma ba zama kawai yake yi ba, lalacewa yake kamar man da aka yi ta suya da shi har ya yi baƙi, yana ƙona hantar sannu a hankali tana tabo. Amma da sauran dama, in ya rage zaƙi da maiƙo, ya riƙa takawa da ƙafarsa, ya rage jiki.

Muna fitowa Makau ya ce, "Habsu, kada yaron nan ya ji."

Na ce, "Yaya, kai da ka san ƙarshen ragon turke?"

Ya ce, "In na rame, me za a ce a Adabka? Nazir ya ɗauko ubansa ya bar shi da yunwa. Ba zan ja masa wannan ba."

Ni ba a rufe mini baki, ranar na faɗa wa Nazir. Makau ya yi dariya, ya ce Habsu ce da zuzuta abu tun tana yarinya. Ya jawo kwano ya suɗe shi tas a gaban ɗan. Nazir ya yarda da ubansa. Har yau in na tuna dariyar nan raina ɓaci yake.

Daga baya ciki ya kumbura da ruwa, idanu suka yi rawaya. Sai lokacin Nazir ya gane, ya yi ta yawon asibiti da shi, amma bakin alƙalami ya bushe.

Ranar gaisuwar rasuwarsa matan Adabka suka cika tsakar gida. Wata tsohuwa ta kama hannuna ta ce, "Allah ya yi wa Nazir albarka. Mun ga tumbin Makau, har ya koma ga Allah bai san yunwa ba."

Nazir yana tsaye bakin zaure, ya sunkuyar da kai. Na haɗiye abin da ke bakina na ce amin. Da hantarsa Makau ya saya wa ɗansa wannan addu'a, ban isa in ƙwace ta ba.