Ba Za a Yi wa Kyamarar Yaya Fenti Ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safiyar Talata, huɗu ga watan Maris, Allah ya karɓi ran yayana mai hoto, bayan gajeriyar jinya.

Yaya, kaf unguwar nan da wuya a sami ɗakin da ba a rataye aikin hannunka ba. Tsohuwa mai gawayi ta zo gaisuwa rungume da hoton ɗanta marigayi. Ta ce kai ka tsayar da shi a bakin titi ka ɗauka, ka wanke ka kai mata har gida, ba wanda ya sa ka. In yaro ya ƙi dariya kuwa, sai ka yi ta kukan akuya har ya fashe da ita.

Kyamararka ta tsufa tare da kai. Baƙin fentinta ya goge a inda babban yatsanka ke zama, ƙarfen ya fito fari fat. Na sha tsokanarka cewa ta fi ka furfura. Sai ka ce, "Bar ta haka, ƙanwata, yatsana ya san wurinsa ko ido a rufe."

A kan fentin nan aka ci mutuncinka. Mai shagon da kake wa aiki, wanda kai ka koya wa riƙe kyamara, ya ce a gaban masu jiran hoto wai kyamarar tana zubar masa da ƙimar shago, ko a fesa mata fenti ko ka kama gabanka. Ka gaya masa fentin zai shiga maɓallai ya kashe ta. Ya yi dariya ya nuna maka ƙofa. Tun daga ranar kake gararin neman aiki a cikin rana, da shekarunka, har jiki ya gaza.

Jiya sai ga shi ya zo gaisuwa yana matse ido. Wai a ba shi kyamarar ya sa a yi mata fenti, ya ajiye a gilashin shagonsa don tunawa da kai. Kai jama'a, rashin kunya! So yake ya shafe shaidar abin da ya yi maka, ya kuma ci kasuwa da sunanka. Na ce masa, "Ko ƙurarta ba za ka goge ba. Tashi ka ba mu wuri."

Babbar 'yarka ta riga ta rataya ta a wuya, yadda ka bar ta. Na kama mata rumfar ɗaukar hoto daura da ƙofar shagonsa, kuma duk wanda ka taɓa ɗauka zan bi shi gida in gaya masa inda kyamararka ta koma. Kullum ya buɗe shago sai ya gan ta.

Allah ya jiƙanka, Yaya, ya haskaka kabarinka, ya sa Aljanna ce makoma. Matarka da 'ya'yanka, Allah ya ba ku haƙurin rashi, ya tsaya muku. Na san da kana nan cewa za ka yi in yafe masa. Ka yi haƙuri, Yaya, ban yafe ba. Allah ya isa.