Irin Geron da Hadiza Ta Riƙe

Ku matso kusa, 'ya'yan nan, ga ta nan tafe gare ku, amma wannan ba ta dariya ba ce.

Muna yara a ƙauyenmu na bakin dajin Falgore, in an ci tuwo kakarmu Iya takan tara mu a gindin murhu, tana ɓarar gyaɗa tana mana tatsuniya. Akwai ɗaya da ba ta taɓowa sai rumbu ya yi ƙasa, wato labarin waɗanda suka sari garinmu.

Ta ce mutanen arewa ne can nesa. Aka tsangwame su saboda malamin da suke bi, suka yi hijira da jakuna da goyo har suka sauka a dajin nan. Ba rijiya, ba kasuwa, sai kura da sauro. Guzuri ya ƙare, ya rage irin gero cikin gora, wanda malam ya ba wata mata, Hadiza, amana.

Ɗanta Tanko ya kwanta, ga yunwa ga zazzaɓi. Mijinta ya ce, "Hadiza, cikin tafin hannu ɗaya tak. Ki dama masa kunu."

A nan Iya takan sassauta murya. "Ta ce, maigida, in na buɗe wa nawa, gobe kowace uwa za ta zo da nata. Me za a shuka?"

Ba ta buɗe ba. Aka binne Tanko kafin ruwan shuka.

Mu kuwa sai mu ce, "Iya, amma geron ya yi, ko?"

"Ya tsiro, ya yi kyau. Sai dai geron arewa ne, mai saurin nuna, nan kuwa damina ba ta ɗaukewa da wuri. Zangarniya ta yi baƙi, ta ruɓe a tsaye. Dawar da suka roƙo wajen mutanen da suka tarar zaune a kan duwatsu ce ta raya garin."

Ina yarinya nakan ji haushin Hadiza. Da na haihu, na ga shekarar yunwa da idona, sai haushin ya mutu, ban kuma sami abin da zan sa a gurbinsa ba. Har yau ban san abin da zan yi da gorar nan ba da ni aka ba.

Malam ya rasu, ana ziyartar kabarinsa. Mijin ya koma arewa, ba a ƙara jin ɗuriyarsa ba. Hadiza ta tsufa ita kaɗai. Iya ta riske ta da rai. Ta ce duk yaron da ya gifta ƙofarta sai ta kira shi ta ɗura masa kunu, ko da ya ce ya ƙoshi.