Attahir Tafinta da Wasan Buhu

Attahir ɗan Kalfu ne, amma tun da ya yi shekara shida a lakwal, wato makarantar boko, ya samu aikin tafinta a Tawa, ya daina cin tuwo da hannu a gaban mutane. Gajere ne, mai kwat guda ɗaya, da alƙalami uku a aljihu, biyu ba su rubutu. Shekara goma sha tara ya yi a tsaye bayan kujerun manya, wuyansa a karkace wajen kunnensu. Talaka ya ce yunwa, Attahir ya juya da Faransanci ya ce mutumin gaisuwa yake yi. Da haka ya ci da farar hula, sojoji suka zo ya ci da su.

Shekarar da fari ya dawo har aka koma rabon jar dawa, 'yan samariyar unguwarsu suka shirya wasa. Yunusu mahauci ya fito a malamin lakwal. Ya jera ƙattai masu gemu a tabarma yana koya musu sunayen kogunan Faransa, su kuwa suna tambaya ko akwai wanda zai biyo ta ƙasarsu ta Ader. Sai wasan buhu. Buhun taimako ya taso daga Yamai a cike, duk hannun da ya bi sai a ɗebi na dubawa, har ya iso wa Rahamatu mai fura ba ko ƙwaya. Ta durƙusa ta yi godiya, ta ce, "Na da suna bar muna rabi. Masu manyan takalma kuwa sun hutar da mu daka."

Ana haka wani babban soja ya zo rangadi, mutumin yamma ne, Hausarsa ba ta wuce ta sayen goro ba. Bayan la'asar aka yi masa wasan, Attahir na manne da kunnensa. Fili ya ɗauki dariya, sojan ya waiwayo.

"Me suke wa dariya?"

"Murna ce, ranka ya daɗe. Ilimi ya kai ƙauye."

"Buhun fa? Na ga ana ɗiba."

"Zamanin farar hula ke nan, kafin ku zo ku gyara. Matar nan godiya take muku."

Sojan ya ji daɗi har ya buga cinya. Ya tambayi wanda ya tsara wasan. Nan fa bakin Attahir ya riga hankalinsa, ya ce shi ne, su dai sun ɗan taimaka. Sojan ya sa aka rubuta sunansa, ya ce wata mai zuwa a kai wasan babban bikin matasa, shugabanni su gani.

Sai da motar sojan ta tashi Attahir ya tuna su wa ke zama a rumfar manya a bikin nan. Rabinsu 'yan Maradi ne da Damagaram, da Hausa aka yaye su. Ba wanda zai nemi tafinta, ga kuma sunansa a takarda. Ya ga aikinsa ya tafi, ya ga kurkuku.

Da safe ya sami Rahamatu tana dama fura a bakin kasuwa.

"Rahamatu, 'yar'uwa, ina kwana?"

"Yau ni ce 'yar'uwa? Shekaranjiya da na gaishe ka, alƙalami ka gyara."

"Don Allah ki cire zancen takalman nan."

"Haba Mushe Attahir! Kai ka rubuta, kai za ka goge. Ni ban yi lakwal ba."

"Ɗaure ni za a yi!"

"To ka juya musu, ka ce gaisuwa nake yi."

Ya nufi rumfar Yunusu. Yunusu na wasa wuƙa, ko kai bai ɗaga ba, ya dai tambaye shi ko nama yake so.

Saura kwana uku a tafi, Attahir ya ce kawunsa ba shi da lafiya a Konni. Daga Konni ya taka ya tsallaka iyaka zuwa Illela ta Najeriya, ya bar mata da 'ya'ya huɗu da rabin buhun gero.

Aka yi wasa, Rahamatu ba ta rage ko kalma ba. Manya suka yi dariya har da share hawaye, kowa na satar kallon takalmin na kusa da shi. Aka ba 'yan wasa rediyo, aka sha hannu da Yunusu. Da aka kira sunan mai wasan ba a amsa ba, sai aka wuce.

Matarsa ta aika masa ya dawo, ba abin da ya faru. Ya ce tarko ne, shi ya san gwamnati. Yana can Illela har yau, yana yayyafa wa goron wani Bakano ruwa. In ya hangi mutumin Tawa sai ya ja shi bayan rumfa, ya rage murya, ya tambaya ko har yanzu ana nemansa. A makon da ya gudu aka ba wani aikinsa, kuma ko ɗan sanda ɗaya bai taɓa taka ƙofar gidansa ba.